Adon albam ɗinmu na nan a tsakar gida, mu daina zuwa aro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Malam Edita ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah ka bani ɗan fili a jaridarka, akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, kuma nasan wasu zasu ce ana fama da tsadar masara ita kuma tazo tana zancen adon hoto, to ni dai a wajena ba ƙaramar magana bace shiyasa na zauna na rubuto.

Ni mace ce ina zaune a nan cikin garin Bauchi, sana'ata dizayin, ina yin katin biki da na suna da kalanda da sitikar da ake mannawa a jikin robar rabo, duk a ɗakina da tsohuwar laftof ɗina da waya. Amma aikin da yafi kwanta mun a rai shine haɗa albam na kwamfuta, wato a tattaro hotunan gida na da da na yanzu a jera su shafi shafi, a ƙawata gefensu da ado, a rubuta wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara ce, sai a ajiye a waya ko a buga a ɗinke shi kamar littafi. Mutanen Amurka sun daɗe suna yin irin wannan da takarda da almakashi da gam, daga baya da kwamfuta ta yawaita sai suka dawo suna yi a cikinta, har girman shafin nasu na takarda mai inci 12 tsawo 12 faɗi suka taho da shi, shine har yau mafi yawan masu wannan aikin suke amfani da shi.

Yadda akayi na shiga ciki kuwa ba da shiri bane. Damina biyu da suka wuce rufin ɗakin Hajiyarmu ya yi yoyo daidai saitin akwatin ƙarfen da kayan Baba suke ciki, Allah ya jiƙansa, kuma bamu lura ba sai da aka kwana biyu. Da muka buɗe, albam ɗinsa irin na da ɗin nan mai leda da gam a jikin shafi duk ya sha danshi, wasu hotunan sun manne da ledar, wasu gara ta ci gefensu, akwai guda ɗaya da ya ɗauka ranar da ya fara aiki wanda fuskar ma ta tafi gaba ɗaya sai hula da kafaɗa. Hajiya bata ce komai ba, ta dai riƙe hoton a hannu ta daɗe tana kallo sannan ta mayar ta tashi ta shiga ɗaki. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Washegari na kwashi waɗanda suka tsira na kai aka mun sikanin ɗinsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka manne ban ɓamɓare su ba dan in ka ja da ƙarfi fuskar hoton ce take biyo ledar, haka nasa aka ɗora shafin gaba ɗaya a kan sikana.

To da na zo jera su sai na shiga intanet neman abin ado, dan hoto tsirara a kan farin shafi baya da armashi. Malam Edita abin da na samu ya cika mun waya amma babu ko ɗaya da ya dace da Baba. Ganyen bishiyar da bamu da ita mai launin ja da ruwan goro na lokacin sanyinsu, ƙanƙara mai tsinke shida, kabewar bikinsu, furanni kala kala, ribon, maɓalli, tambarin gidan waya na Faransa. Kayan suna da kyau ba ƙarya, masu yinsu sun iya aiki, amma ka ɗauko hoton dattijo da babbar riga da rawani yana zaune a ƙofar gida a kan buzu ka kewaye shi da ƙanƙara da furen Ingila, kai da kanka zaka ji wani abu bai zauna ba. Kuma in ka lura haka katunan bikinmu suke yanzu daga Bauchi har Gombe har Azare, fure ɗaya ne mai ruwan gwal yake yawo a kowane kati, wani ma da rubutun kamfanin da aka sato shi a jikinsa dishi dishi ba'a ko goge ba.

Ina cikin wannan tunanin ne da safe ina shara sai idona ya faɗa kan faifan da Hajiya take rufe ƙwaryar fura da shi, tsohon faifai ne na kaba mai zobe zobe, ja da baƙi da ruwan ƙasa, bakinsa ya ɗan fara warwarewa. Na ajiye tsintsiya na ɗauko farin kwali na shimfiɗa a inuwar katanga na ɗora faifan na ɗauke shi hoto daga sama. Da na cire bayan hoton a kwamfuta na huda tsakiyarsa na saka hoton Hajiya tana amarya a ciki, sai gashi ya zama firem, kuma irin firem ɗin da duk kuɗinka baka isa ka saya a intanet ba. Daga nan sai na koma cikin akwatin nan na ɗauko babbar rigar Baba ta shadda wadda ruwan bai taɓa ba, mai aikin aska takwas a ƙirji, na ɗauki aikin hoto kusa kusa har zaren yana fitowa ɗaya ɗaya, na yanko askar na jera ta ta zama layin da ya zagaye shafin da hotonsa yake.

Da na gama na kai wa Hajiya laftof ɗin tana kan sallaya bayan la'asar, ban faɗa mata komai ba. Bata ma fara kallon hoton ba, gefen ta kalla, ta sa yatsa a kan gilashin tana bin askar, sai tace, ke wannan ai rigar Malam ce, wadda ya sa ranar sunanki. Nace eh Hajiya ita ce. Tace to ya akayi ta shiga nan, kin yanka ta ne? Nace a'a Hajiya tana nan a ninke yadda kika barta, hotonta kawai na ɗauka. Ta yi shiru, can tace Allah ya miki albarka, ki sa hularsa ma. Wannan maganar tata ce tasa har yau ban sake sauke furen kowa ba in dai aikin albam ne.

Yanzu bari in faɗi yadda ake yi dan kar ya zama labari kawai, saboda ƙannena da yawa masu dizayin a waya suna ɗauka sai mai babbar kwamfuta. Ba haka bane. Photoshop na kamfanin Adobe shine kowa ya sani, amma tun 2013 suka mayar da shi na biyan kuɗi wata wata, kuma da dala, wanda ake ɗora wa mutane na sata kuwa sau da yawa da birus yake zuwa. Akwai GIMP, kyauta ne halak malak, wasu ɗalibai biyu ne suka fara shi a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, kuma a watan Maris na 2025 aka fitar da GIMP 3.0, ni da shi nake yawancin aikina. Akwai Photopea wanda ba sai ka sauke ba, a burauza yake buɗewa kuma yana karanta fayil ɗin Photoshop. A waya kuma PixelLab da PicsArt da ibisPaint duk suna iya cire bayan hoto su ajiye maka shi. Kayan aiki dai basu yi ƙaranci ba, haƙuri ne yake ƙaranci.

Aikin tun daga ɗaukan hoto yake farawa, in ka ɓata a nan babu manhajar da zata gyara maka. Kar a ɗauka a cikin rana tsaka kuma kar a kunna filashin waya, a nemi inuwa mai haske da hantsi ko bayan la'asar, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi dan rabin hotunan da ake cewa waya ce bata da kyau maiƙon hannu ne. Abu mai duhu a ɗora shi a kan farin kwali, abu mai haske kamar azurfa ko farin zare a ɗora shi a kan baƙin ƙyalle, sannan a tsayar da wayar daidai saman abin kar a karkata, in ba haka ba faifai mai da'ira sai ya fito kamar ƙwai. Abu mai faɗi irin ƙyalle ko takarda ko ganye gara a ɗora shi a sikana, tsofaffin ƙananan hotuna kuma a ce wa mai shago ya yi su a kan ɗigo 600 a kowane inci dan a samu damar ƙara musu girma.

Sai yankewa, kuma nan ne ake gane wanda ya zauna da wanda ya yi sauri. Manhajojin yanzu suna da maɓallin da zaka danna ya cire baya da kansa, yana taimakawa, amma abu irin faifai mai tsirin kaba a baki ko tuntun hula ko gezar gwado yakan cinye su ya bar maka abu sumul kamar roba, alhali wannan ɗan tsirin shine yake nuna hannun mutum ne ya yi. Ni nakan bar na'ura ta yi na farko sannan in ƙara girman hoton sosai in bi bakin da hannu, kuma bana gogewa da magogi kai tsaye, a kan leyar, wato fallen da hoton yake kai a cikin manhajar, rufi nake sawa, wanda in ka shafa baƙi ya ɓoye in ka shafa fari ya dawo, saboda in nayi kuskure ban rasa komai ba. In na gama sai in matse bakin ciki da fiksel ɗaya ko biyu, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, dan a rabu da farin layin nan da yake biyo abu kamar kumfa, sannan in gwada shi a kan baƙin baya in gwada a kan fari, duk dattin da ya ɓuya a ɗaya zai fito a ɗayan. Faifai guda yakan ci mun kusan awa, ƙwarya kuwa da yake bakinta santsi ne minti kaɗan ta ishe ni.

Wajen ajiyewa dan Allah a kula, PNG ake ajiye kayan ado ba JPEG ba. JPEG bai san wani abu wai shi fili mara launi ba, duk inda ka goge zai cike maka da fari. Akwai yarinyar maƙotanmu da take zuwa koyo wajena, ta kwana biyu tana yanke hoton ludayi da muciya, ta zo da murnarta ta ɗora a kan shafi mai ruwan bula sai ga ludayin zaune cikin farin akwati, idonta ya ciko tace Anti duk aikin da nayi ya tafi kenan? Nace bai tafi ba, buɗe asalin fayil ɗin mai leya leya. Allah ya taimaka bata goge shi ba, muka sake fitarwa a PNG shikenan. Tun ranar ko me zata yi sai ta ajiye guda biyu, na aiki da na amfani.

Girman ma da lissafinsa. In ana son abu ya fito tas a bugu ana son ɗigo 300 a kowane inci, kaga shafi mai inci 12 zai zama fiksel 3600 tsawo 3600 faɗi, in kuma A4 ne wanda yafi sauƙin bugawa a nan wajenmu to 2480 da 3508 ne. Kullum a yi abin ado da girma, dan babba yana ƙanƙancewa lafiya lau amma ƙarami in aka ja shi sai ya farfashe ya zama dabbare dabbare. Inuwa kuma kar a manna ta a jikin abin tun farko, a bari sai an ɗora shi a shafi, kuma duk abin da ke shafi ɗaya inuwarsa ta faɗi gefe ɗaya kamar rana guda ce take haska su, takarda inuwarta siririya, dutsen murjani tasa ta ɗan fi nisa dan ya fi tudu. Na sha ganin kati mai kyau amma inuwar fure tana hagu ta firem tana dama, mai kallo bai san me ya dame shi ba amma idonsa ya ƙi.

Abin da yafi bani daɗi shine yin shimfiɗar baya, wato abin da ake ɗora komai a kansa. Tabarmar kaba, saƙin gwado, fatar jima, bangon ƙasa da aka yi wa yaɓe da hannu har sawun yatsu ya fito, takardar buhun siminti da aka cukuikuye aka ware, duk na ɗauke su. In ana son ɗan guntun saƙi ya cika shafi ba tare da an ga mahaɗa ba, sai a yanko shi murabba'i, a tura shi rabi gefe rabi ƙasa yadda bakunansa huɗu zasu dawo tsakiya su haɗu kamar gicciye, sai a ɗauki abin nan mai kama da hatimi da yake kwafo wani wuri ya manna a wani a bi mahaɗar a hankali har ta ɓace. Daga nan ko sau ɗari ka jera shi zai tafi kamar ƙyalle ɗaya. Launi ma bana ƙirƙira daga kaina, akwai abu kamar ɗan bututun ɗiga magani da yake tsotso launi daga hoto, da shi na tsotso shuɗin baba daga tsohon zanen kakarmu, jan lalle daga hannun ƙanwata, ruwan ƙasar bangon gidanmu, da ruwan ɗorawa, su huɗun nan na ajiye su kuma kusan duk shafin da nayi da su sai an tambaye ni ina na samo kala.

Zane irin Dagin Arewa ko zanen bangon soro kuwa bana yanko su daga hoto, sake zana su nake a Inkscape, shima kyauta ne, saboda shi da layi da lissafi yake aiki ba da ɗigo ba, kome girman da ka ja abin ba zai fashe ba, daga sitikar kofi har allon talla.

Sai matsalar rubutu wadda take ƙona mun rai sosai. Yawancin salon rubutun kwalliya da ake saukewa basu da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ka rubuta ɗan'uwa ko ƙanwa sai harafin ya fito da wani salo daban ko ya zama ɗan akwati, shiyasa masu dizayin suka haƙura suke rubuta kanwa a inda ake nufin ƙanwa, a albam ɗin gida fa, a ƙasan hoton mutum. Alhali akwai salon da suke da haruffanmu cif, irin Noto na Google da Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, kuma dukkansu kyauta ne. Mai son ajami ma SIL ɗin sun yi wani mai suna Alkalami wanda aka tsara shi a kan irin rubutun hannun da ake yi a Kano. Wanda ya fi duka dai a wajena shine rubutun hannun mai gidan, na samu wata wasiƙa da Baba ya rubuto wa Hajiya daga wajen aiki, na yi sikanin na cire farar takardar na bar tawadar kawai, gaisuwar farko da sa hannunsa na ɗora a shafin ƙarshe.

Bugu ma sai an yi hattara, ni na taɓa ƙonewa. Na tura wa wani shago shafuka ta WhatsApp a matsayin hoto, ban san yana matse hoto ya rage masa nauyi ba, su kuma basu ce mun komai ba basu kuma buga guda ɗaya na gwaji sun nuna mun ba, suka buga duka suka ɗinke, na zo karɓa na tarar askar nan da na sha wahala a kanta ta zama kamar an shafa mata ruwa, shuɗin baban kuma ya koma wani fari fari mai ja ja. Kuɗina ya tafi. Daga baya na gane abu biyu ne, na farko a tura fayil a matsayin dokumen ko a kai a filash, na biyu gilashin waya da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, wato RGB, injin bugu kuma da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli da tawada bata iya kaiwa. Ina roƙon masu shagon firintin dan girman Allah ku dinga buga shafi ɗaya ku nuna wa mai aiki kafin ku saki inji, minti biyar ne kawai.

Akwai kuma maganar haƙƙi, kuma ta fuska biyu ce. Kayan da ake saukewa a intanet da yawa an rubuta a jikinsu cewa na amfanin kai ne ba na kasuwanci ba, mu kuma muna ɗauka mu yi kati mu karɓi kuɗi ko karantawa bamu yi ba, wannan cin haƙƙi ne ko da mai shi yana wata ƙasa. Ta ɗaya fuskar kuma, in mun koma kan namu kar mu zo mu yi wa iyayenmu masu sana'a irin abin da muke kuka ana yi mana. Na taɓa tsayawa wajen wata dattijuwa mai saida ƙore a kasuwa, akwai wata ƙwarya da aka yi wa zanen wuta mai kyan gaske, nace Inna dan Allah zan ɗauki hoton wannan. Tace 'yar nan hoton ƙwarya kuma, me zaki yi da shi? Na buɗe waya na nuna mata faifan Hajiya da hoto a tsakiya, na faɗa mata gaskiya cewa zan sa a aikin da ake biyana. Ta kalla ta kalla tace to in kuɗi zaki samu da ita ai sai ki saya. Kuma gaskiyarta, na saya, yanzu duk abin da zan yi kasuwanci da hotonsa sai na saye shi ko na biya mai shi, dan ita ta zauna da wuƙa da wuta ta yi zanen ba ni ba. Haka hotunan mutane, albam na gida ne, kar mai dizayin ya ɗauki shafin da matan wani suke ciki ya ɗora a Facebook ko TikTok yana talla ba da izini ba. Sannan ni dai bana yin ado da aya ko hoton allo mai rubutu a kan abin da na san ƙarshensa bola, irin sitika da katin gayyata.

Abin da nake so in ce wa matasanmu masu dizayin, musamman na Gwallameji da Yelwa da ke kusa da makarantu da na shagunan wajen Wunti, da 'yan'uwanmu na Gombe, ku ɗaga kai daga waya ku dubi abin da ke kewaye da ku. Zanen ƙwaryar Fulani kaɗai ya isa mutum ya shekara yana fitar da ado. Ga aikin hular zanna da ƙube, ga kayan dokin hawan sallah, jalala da sirdi da linzami, ga zanen lalle da kullum sabo yake fitowa a hannun amare ya goge bayan sati biyu ba wanda ya adana, ga zanen dutse na Geji a ƙaramar hukumar Toro da na Shira da mutanen da suka yi tun kafin kakannin kakanninmu. A waje mutane suna haɗa irin waɗannan kayan ado kashi kashi, shimfiɗa da firem da layin gefe da haruffa, su sa a Etsy, wata kasuwar intanet ta kayan sana'ar hannu, su sayar, to mu ko bamu kai can ba ai a tsakaninmu akwai kasuwa, mai shago a Misau zai so ya samu jakar kayan ado na suna ko na saukar karatu ko na dawowar alhazai wanda aka yi shi da namu, ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa maimakon ya ƙona data yana neman furen da kowa yake da shi. Ina kuma kira ga malaman zane da na kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Poli da sauran makarantunmu su dinga ba ɗalibai irin wannan aikin, kowa ya koma garinsu ya kawo abu goma da ya ɗauka ya yanke ya rubuta sunansa na Hausa ko na Fulatanci ko na Jaranci ko na Tangale da sunan garin da aka samo shi. Sunan nan yana da muhimmanci, ni kaina akwai ɗinkin da ke wuyan rigar Baba da na tambayi telolin zamani uku babu wanda ya san sunansa.

Wanda kuma ba mai dizayin bane, ko ba komai ka buɗe akwatin tsofaffi kafin damina ta shigo, ka fito da hotunan ka sa a yi sikanin ɗinsu, ka zauna da wanda ya san mutanen ciki ya faɗa maka sunayensu ka rubuta, ka ajiye kwafi a waje biyu, Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta kuma ya isa hotunan gida guda. Albam ɗinmu yanzu ya kai shafi talatin da huɗu, hular Baba ta shiga kamar yadda Hajiya tace, kuma akwai mutum biyu a hoton ɗaurin aurensu da har yanzu muna neman wanda zai gane su.

Malam Edita in Allah ya kaimu bayan sallah ina da niyyar zuwa Kafin Madaki in nemi izini in ɗauki hoton rufin Gidan Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ina so in zana bakan rufin nan in mayar da shi firem. In ka amince zan aiko maka da shi tare da faifan Hajiya ka buga a shafinka na al'adu, duk mai so ya ɗauka ya yi amfani da su kyauta a albam ɗin gidansu.

Nagode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Mai karatu daga Unguwar Jahun, Bauchi